Wai hanya shiru daga Accra zuwa Elmina?

Malam, wanda ya rubuta cewa za a kai baƙi yawon keke da ɗan jagora daga Accra zuwa Elmina a ƙasar Ghana ta hanya shiru, da alama bai taɓa ratsa garin Kasoa da ke bakin Accra da safe ba. Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, na gwada. Trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da tifa suka matse ni, sai ga ni cikin kwata, gwiwa ta ɗaye.

Daɗin yana gaba, wajen Apam: iskar teku, masunta na jan koma, mata na kyafa kifi. A ɗora kekunan a mota har Winneba da ke gaba da Kasoa mana, a tashi da asuba, baƙin su isa ganuwar Elmina da 'yan Fotugal suka gina a 1482 da ƙafafunsu lafiya.