Wai lalaci ne ya kwantar da Nguru?

Wato yaron nan da ya ɗauki bidiyon tashar jirgin ƙasa ta Nguru, ya hasko awaki na kiwo a tsakiyar dogo, sannan ya juyo da waya fuskarsa ya ce "lalaci ne ya kashe wa mutanen nan gari", har da 'yar dariya. Sannu, malamin tarihi. Minti uku ka yi a tasha, ka warware abin da dattawa suka shekara hamsin suna jimami a kai. Allah ya ƙara basira.

To bari in faɗa, kuma zan maimaita har ku gaji: jirgi ne ya ɗaga Nguru, janyewar jirgi ce ta kwantar da ita.

Kafin wani ya yo min caa, na sani Nguru ta girmi dogo nesa ba kusa ba, tun zamanin da Galadiman Borno ke zaune a yankin yana tsare yammacin daula. Amma Ngurun da ake ba da labari, mai sito-sito da 'yan dako da baƙi daga ko'ina, dogo ne ya haife ta. Layin da ya taso daga Kano ya iso a 1930, kuma nan ya tsaya cak. Ƙarshen layi kenan. Gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, shanun Borno da na Nijar, duk sai sun zo nan kafin su hau tarago. Mai raƙumi ya sauke, mai jaki ya sauke, dillali ya samu, mai masauki ya samu. Bature ba don ƙaunar kowa ya shimfiɗa ƙarfen ba, gyaɗa yake so ta kai bakin teku. Amma ko da wace niyya, garin da ya zama ƙofa dole ya cika.

Sai aka buɗe wata ƙofar. A 1964 dogo ya isa Maiduguri ta Bauchi da Gombe, kayan Borno suka sami hanyarsu. Lalacin mutanen Nguru ne ya ja wannan? Farin farkon shekarun 1970 ya zo, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta Kano kanta ta zama labari. Shi ma lalacinsu ne? Kuɗin man fetur ya shigo, aka koma kwalta da tireloli, aka bar dogo yana tsatsa. Su ne suka zauna suka yanke wannan shawarar?

Wani ya rubuto min wai ai Kano ma jirgi ya ja baya amma ba ta durƙushe ba. Haba malam. Kano da take da kasuwar Kurmi ɗaruruwan shekaru kafin jirgi ya iso ta a 1911? Ka raba ni da wannan kwatancen.

Na taɓa tsayawa a tashar nan da yamma. Wani dattijo da ya yi dako a samartakarsa ya zame wuyan rigarsa ya nuna min kantar da buhu ya bari a kafaɗarsa, baƙa ƙirin, har yau ba ta goge ba. Ya ce lokacin kaka sai su wuni su kwana suna lodi, ba wanda ke tambayar ƙarfe nawa. Yana magana yana kallon inda layin ya ɓace cikin ciyawa, kamar mai jiran baƙo. Wallahi sai da na kau da kai. Wannan bawan Allah ne wani mai riƙe da waya yake kira malalaci.

Kuma wa ya ce maka garin ya mutu? Je ka ranar kasuwa ka gani. Jirgin ne ya tafi, mutanen suna nan suna nema.

Af, tun da ana maganar layin nan, akwai garin Malam Madori. Dogo ya kauce wa Haɗeja, tasha ta faɗo can, gari ya tashi a gindinta. Kullum na bi ta wurin sai in yi ta tunanin ko wane ne ya ja layin a takarda haka, kuma ko ya taɓa taka wurin da ƙafarsa. Mutanen Haɗeja, ku zo ku ba mu labari, don na san kuna da ta cewa.