Alamar tambaya ɗaya ta kusa tara mu zaman makoki

A makon jiya wani ƙanenmu ya rubuta a zauren WhatsApp na unguwarmu, nan Jekadafari: "Tsoho mai goro ya rasu". Kafin ka ce kwabo innalillahi ta cika zauren, har wani ya fara tambayar lokacin jana'iza. Ashe yaron tambaya yake yi, ƙishin-ƙishin ya ji a bakin Tashar Dukku. Tsohon kuwa yana nan daram a kan tabarmarsa. Alamar tambaya ce kawai ba a sa ba.

Samari da 'yan mata, da ku nake, har da ni kaina. Mun mayar da aya da waƙafi kayan jarrabawa, ranar da aka gama sakandare a nan ake barinsu. Alhali ba boko ne ya fara koya mana tsayawa a karatu ba, sunayen nan biyu ma daga Larabci muka aro su. Duk wanda ya durƙusa gaban malamin tajwidi ya san ba a tsayawa inda aka ga dama. Ka karanta "kada ku kusanci salla" a aya ta 43 ta Suratun Nisa'i, ka yi shiru ba ka kai ga "alhali kuna cikin maye" ba, ai ka kife magana. To don me in mun ɗauki waya sai mu manta?

Ku duba wannan: "Kar ka zo, gobe za mu tafi." Ga kuma: "Kar ka zo gobe, za mu tafi." Kalmomi ɗaya ne, amma na farko ya hana ka zuwa yanzu, na biyu gobe ya hana ka. Waƙafi ne ya gusa taki ɗaya.

Haka raba kalma da haɗe ta. "Ta fi" daban, "tafi" daban. Sai ƙugiya, wadda lalaci ke sa mu yar: ka rubuta "baki sun iso" kana nufin baƙi, ko "kafa" a madadin ƙafa. Ba uzuri, Gboard, wato allon rubutu na waya, na da Hausa, ɓ da ɗ da ƙ duk suna ciki. Masu jera alamar motsin rai guda bakwai kuwa, Allah ya ba ku haƙuri, ɗaya ta isa.

Tun daga ranar nan idona ya buɗe. Allunan shaguna a Pantami, rubutun bayan Keke Napep, katin ɗaurin aure, ko'ina sai na tsinci nawa kuskuren a rubutun wani. Yanzu kafin in tura saƙo nakan karanta shi a fili. Inda na ja numfashi in sa waƙafi, inda magana ta ƙare in ɗiga aya. In kuma batun rasuwa ne, sai na karanta sau biyu.