Sharhi: Maganin tsirrai ga ciwon hantsa yana da iyaka

Ana cewa ganyaye za su iya maye gurbin allura wajen ciwon hantsar shanu. Akwai gaskiya a ciki, amma makiyayanmu na Bunza da Argungu su yi hattara.

Haɗin da hukumar madara ta Indiya, NDDB, ke koya wa manoma shi ne giram 250 na aloe vera, giram 50 na garin kurkur, da giram 15 na wani farin garin sinadari mai suna kalsiyam haidroksaid. A niƙa su, a sirka da ruwa, a tatse hantsar tas, sannan a shafe ta duka sau da yawa a yini har kwana 5. Kanwa ba ta maye gurbin na ukun.

Shafawa ake yi daga waje. Masu ɗura ruwan bagaruwa ko darbejiya ta kan nono su daina, don ƙwayoyin cuta suke turawa ciki.

Kullum a tatsa farkon nono a cikin baƙin kwano. In an ga gudaji ko ruwa-ruwa, a bar saniyar ta zama ta ƙarshen tatsa, a wanke hannu da sabulu, domin ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, mai kawo ciwon hantsa, ta hannun mai tatsa take yaɗuwa.

In hantsa ta yi zafi da tauri, saniya ta daina kiwo, ko jini ya fito, sai likitan dabbobi a ranar. In an yi allura, kada nonon ya je kasuwa sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar sun cika.