Matan Maroko da dokar Mudawwana

Duk sanda aka ɗago maganar haƙƙin mata, sai wani ya yi wuf ya ce ajandar Turawa ce. Ni dai ina cewa a leƙa Maroko, ƙasar da ke bin Malikiyya kamar mu.

A 1992 wata ƙungiyar mata ƙarƙashin jagorancin Latifa Jbabdi ta shiga tara sa hannun mutum miliyan ɗaya, tana neman a gyara Mudawwana, wato dokar iyali ta ƙasar. Aka yi musu ca, har wasu suka kafirta su. Sarki Hasan na Biyu ya ɗan yi kwaskwarima a 1993, aka wuce wurin. A watan Maris na 2000 kuwa, rana ɗaya aka yi gangami biyu: masu son gyara a Rabat, masu adawa a Kasabalanka. Na Kasabalanka ya fi cika, kuma mata ne da yawa a cikinsa. Wannan batu, masu fafutukar gyara ba su cika son a tuna musu da shi ba, amma gaskiya ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda matan nan suka ƙi barin fagen fiƙihu ga maza. Suka koma littafi, suka kawo aya da hadisi, suka ce a zauna a yi hujja. Da Sarki Muhammad na Shida ya gabatar da gyaran a majalisa a 2003, shi ma cewa ya yi ba zai halatta abin da Allah ya haramta ba, ba zai haramta abin da Ya halatta ba.

Dokar 2004 ba ta hana ƙarin aure ba. Sai dai mai son ƙarawa zai je gaban alƙali, a kira uwargida, a duba ko zai iya riƙe gida biyu. Saki ya koma ƙarƙashin idon kotu, ba a bakin ƙofa cikin fushi ba. Shekarun auren mace suka tashi daga 15 zuwa 18. A 2006 aka yaye rukunin farko na murshidai, mata 50 masu koyar da addini a masallatai da gidajen yari.

Amma fa an bar ƙofa a buɗe. Sashe na 20 ya ba alƙali dama ya amince a aurar da wadda ba ta kai 18 ba, kuma alƙalai sun yi ta sa hannu, musamman a karkara. Kan wannan sashen, da rabon gado da riƙon 'ya'ya, matan suka sake komawa fafutuka.