Tumatirin Ɗaka

Tsadar tumatir a Kasuwar Dole ce ta sa na rantse sai na ci na hannuna. Wani abokina mai lambu a Mirriya ya ba ni dashe guda, na huda gindin tsohon bokiti, na cika shi da ƙasa da kashin awaki, na dasa. To amma duk wanda ya san ranar Damagaram a watan Afrilu ya san ba a barin abin da ake so a tsakar gida. Zafi ya haura digiri 40, kaji ma baki buɗe suke yawo. Tausayi ya kama ni, na kinkimi bokitin na kai shi ƙuryar ɗakina, gefen gado.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, kishiya aka yi mini?" Ban tanka ba.

Ba a jima ba tumatir ya kama tsawo, tsawo kuwa na fitar hankali, har ina kiran maƙwabta su zo kallo. Ya sirance, ganyen ya koma ruwan ɗorawa, amma na ce hutu ne, wanda ba ya shiga rana ai dole ya yi fari. Na taɓa ji a rediyo cewa sukari ne abincin tsirrai, saboda haka na rage masa wahala: kullum da yamma ina juye masa shayi na uku, mai zaƙin nan. Cinnakun unguwa suka samu labari. Su sha shayi a bokiti, su ƙarasa da ni a gado.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne karkatar da ya yi wajen taga, tagar da ke kallon gidan Alhaji maƙwabcina. Na juya bokitin, aka kwana biyu ya sake miƙa wuya can. Nan na tuna ranar da Alhaji ya zo kallo bai ce tubarkalla ba.

Ina cikin yi wa bokiti tofi 'yata ta dawo daga lakwal, ta tsaya tana kallona.

"Baba, yunwa ce fa ke kashe shi."

"Yunwa? Abin da ke shan shayi kullum?"

Ta ajiye jaka ta fara yi mini karatun mushensu na kimiyya. Wai tsiro shi ke dafa abincinsa a cikin ganye. Saiwa ta jawo ruwa, ganye ya shaƙi iskar kabon ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, koren sinadarin nan kulorofil ya kama hasken rana, a haɗa sukari, a saki iskar oksijin da muke numfashi da ita. Hasken shi ne wutar murhun, ni kuma na kashe wuta na zauna jiran tuwo. Dare da rana tsiro yana ƙona sukarin da ya tara don ya rayu, nawa kuwa ɗan guzurin da ya zo da shi daga Mirriya yake ƙararwa wajen tsawo, ko ya cim ma haske.

"To kallon gidan Alhaji fa?"

Ta ce akwai sinadarin girma da ke taruwa a gefen karan da ke cikin inuwa, gefen ya fi ɗan'uwansa tsawo, sai karan ya lanƙwasa wajen haske. Babu ruwan Alhaji. Na ce wannan dai a bar shi, yarinya ba ta san mutane ba.

Inda ta ƙona mini rai shi ne maganar ruwa. Wai fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da tsiro ya sha ta ganye yake fita ya bi iska. A garin nan, inda sai ka yi wa ɗan ga-ruwa magiya da kuɗinka! Na lissafa bidon da na juye masa, na ji jiri.

Na fitar da shi, saboda cinnaku dai, ba don maganarta ba. Ta sa na ajiye shi gindin bedi inda hantsi kawai ke taɓa shi, don kada rana ta babbake shi gaba ɗaya. Sai ga sabon ganye kore shar, kara ya yi kauri, har fure ya fito. Ranar Juma'a muka dawo masallaci na tarar da akuyar Alhaji a tsaye kan bokiti, sauran kara a bakinta.

Na tafi gidansa da hujjata ta kimiyya. Na ce, "Alhaji, rana ta dafa abinci a ganyena da ruwana, abincin nan yanzu yana cikin akuyarka. Ina da rabo a nononta."

Ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Malam, kashin awakin da ka dasa shi a ciki, daga garken wa ka kwaso?"