"Ai murmushi kawai na yi"

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai haɗa kai da na kusa da shi, hannu a baki, kafaɗa na rawa, suna ƙus-ƙus a kan wani bawan Allah. Da an juyo an ce lafiya, sai ya gyara fuska ya ce, "Haba, ai murmushi kawai na yi." A'a malam, ba murmushi ka yi ba. Dariya ka ƙumshe ta ƙi ƙumsuwa, kuma ka fi kowa sani.

Ni a wajena bambancin ba a faɗin baki yake ba. Murmushi mutum biyu sun ishe shi: ni da kai, ina kallonka kana kallona, abin da ke fuskata naka ne. Ita kuwa dariyar ƙasa-ƙasa sai da mutum uku, biyu masu yi da ɗaya wanda ake yi a kansa, kuma sharaɗinta kada na ukun ya san dalili. Shi ya sa wanda aka yi wa murmushi yake sakin jiki, wanda ya ji ƙyalƙyala a bayansa kuwa sai ya fara duba rigarsa, ya shafa hularsa, ya tuna kalmar da ya faɗa yanzu ko ta fita a karkace.

Na ga wannan da idona a layin cire kuɗi. Wata dattijuwa, da alama daga ƙauye take, ta kwance katinta daga bakin zani, ta sa shi a juye. Na'urar ta turo shi, ta sake sa shi a juye. 'Yan mata biyu a bayanta suka kalli juna, ɗaya ta cusa gefen mayafi a baki, ɗayar ta juya baya tana girgiza. Ba wanda ya zagi tsohuwar nan, amma sai ga hannunta yana karkarwa, har ta fara mayar da katin cikin zani za ta haƙura. Wani yaro mai gadi ne ya matso da fara'arsa ya ce, "Baba, kawo in nuna miki, haka yake yi wa kowa." Shi ma haƙoransa a waje suke, kamar na 'yan matan. Ka tambayi tsohuwar ko abu ɗaya ta gani.

Malamanmu na zaure sun raba wannan gardama tun ba a haife mu ba. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san wanda ya yi dariya a cikin salla sallarsa ta ɓaci, da gangan ne ko da mantuwa, amma babu komai a kan wanda ya yi murmushi. Risala ta ƙara da cewa zai sake sallar amma ba zai sake alwala ba. 'Yan mazhabar Hanafiyya ma sun fi tsanantawa, a wajensu ƙyaƙyatawa a salla har alwalar take karyawa. Nana A'isha (RA) ta ce ba ta taɓa ganin Manzon Allah (SAW) ya yi dariya har an hango belinsa ba, murmushi kawai yake yi. Kuma murmushin ne aka ce sadaka ne idan ka yi wa ɗan'uwanka. Sai ka duba ƙarshen Suratul Muɗaffifina, inda aka siffanta masu yi wa muminai dariya: idan sun wuce su sai su riƙa ƙifta wa juna ido. Ga mutum ukun nan da nake faɗa.

Masu binciken halayyar ɗan Adam ma sun zo wajen ta wata hanyar. A 1972 wani masani ɗan ƙasar Holan, Jan van Hooff, wanda ya daɗe yana nazarin birai, ya nuna cewa abubuwan biyu ba tushensu ɗaya ba. Akwai fitar da haƙora ba sauti, wanda biri yake yi don nuna ba faɗa ya kawo shi ba, akwai kuma wangale baki da haki lokacin wasa da kokawa. Na farko ya danganta shi da murmushi, na biyu da dariya. Uwa ma ta san wannan ba tare da karatu ba: jinjiri yana fara yi mata murmushi wajen sati shida zuwa takwas, amma ƙyalƙyala sai ya kai wata uku zuwa huɗu. Wani Ba'amurke kuma, Robert Provine, ya gano mutum ya fi yin dariya kusan ninki 30 idan yana cikin jama'a a kan idan shi kaɗai ne. Dariya abar taro ce, saboda haka tana iya haɗa taro a kan mutum ɗaya.

Kada a ce na haramta dariya. Ni ma ina tuntsurewa har hawaye. Ku dubi wasan Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Gobirawa, ko kaka da jika. A nan ana yin ta ne a bainar jama'a, wanda aka tsokana yana ji, yana da damar ramawa, a tashi kowa cikinsa na ciwo. Haka kuma ba kowace ƙyalƙyala ce raini ba. Amarya da ƙawayenta idan dangin miji sun shigo, ko yaro da malami ya tsare da ido, kunya ce da tsoro suke fita ta wannan ƙofa. A 1962 a Kashasha ta ƙasar Tanganyika (cikin Tanzaniya ta yau), 'yan mata uku suka fara dariya a makarantar kwana, ta bazu har ta kama ɗalibai 95 cikin 159, sai da aka rufe makarantar. Masu bincike suna ganin damuwa ce ta jawo ta. Murmushin ma akwai na bogi, wanda muke kira yaƙe, baki a buɗe ido a bushe. Tun 1862 likitan nan na Faransa, Duchenne, ya lura cewa na gaskiya sai naman kewayen ido ya motsa.

Inda abin ya fi damuna yanzu shi ne dandalin sada zumunta. Tun da Facebook ya kawo alamar "haha" a watan Fabrairun 2016, ƙus-ƙus ɗin bayan fage ya samu maɓalli. Mutum zai rubuto tambayar addini da Hausarsa mai kuskure, ko ya sa hoton ɗan shagon da ya buɗe da guminsa, ko ya nemi taimakon kuɗin magani, sai ka ga fuskoki masu dariya sun jeru a ƙasa. Har a sanarwar rasuwa na gani. Idan ka yi magana a ce maka, "Wasa ne fa," ko "Hannu ne ya taɓa." To in hannu ne ya taɓa, ai ana cirewa. Kuma a nan ko mayafin da za ka cusa a baki babu, don mai rubutun yana dannawa zai ga sunanka da hotonka a jerin waɗanda suka yi masa dariya.