Ɗakin da aka zauna ma yana da ta cewa kan makomar yaro

A 1989 ƙasar Niyuzilan ta kafa dokar da ta ce a tara dangin yaro su yi shawara kafin kotu ta yanke hukunci kan riƙonsa. Dokar ta biyo bayan koken 'yan ƙabilar Mawori, 'yan asalin ƙasar, waɗanda hukuma ta daɗe tana kwashe wa 'ya'ya ba a tuntuɓi kaka ko kawu ba. Daga baya Ingila da wasu ƙasashe suka ari tsarin.

Zaman hawa uku ne. Ma'aikatan jin daɗin jama'a su faɗi abin da ake jiye wa yaron, su fita su bar dangi su kaɗai, sannan su dawo a duba matsayar da aka cimma. Hawa na tsakiya shi ne ƙashin bayan abin, kuma shi ne abin da wurin zama mara kyau ke fara karyawa.

Ofishin hukuma ya fi sauƙi ga ma'aikaci, shi ya sa ake yawan faɗawa can. Amma uwar da ta bi ta gaban mai gadi, ta sa hannu a rajista, ta zauna kan bencin da ta taɓa zama ranar da aka tuhume ta, ba shawara ta zo yi ba, kare kanta ta zo yi. In bangon ɗakin siriri ne kuma ma'aikata na tsaye a baranda, ba mai buɗe baki ya ce uban yaron yana shaye-shaye. Sai a fito da takarda mai kyawun gani wadda ba ta taɓa ainihin ciwon ba. Ga kuma agogo: ofis na tashi ƙarfe biyar, kawun da ke aikin yini ba zai samu zuwa ba, wataƙila kuma shi ne mai ɗakin da yaron zai kwana.

Masu cewa a koma gida kawai su ma ba su gama tunani ba. In an zauna a gidan kaka ta wajen uba, dangin uwa sun zama baƙi, baƙo kuwa ba ya ja da mai masauki. Ita kakar tana can tana kai-komo da kofunan shayi har a wuce maganar da ta fi kowa sani. Mu nan mun san irin wannan: a yi zaman a zaure, matan da ke yi wa yaron wanka suna cikin gida, sai labari ya iske su.

Saboda haka mai shirya zaman ya tambayi kowane ɓangare, daban-daban, inda zai iya sakin jiki, har da yaron in ya yi wayo. Ɗakin taron unguwa kan fi dacewa, muddin yana da ɗaki biyu, ƙofa mai rufuwa, da wurin da yaro zai yi wasa in magana ta yi zafi. A jera kujeru da'ira, a kawar da tebur, a kawo abinci, a biya wa na nesa kuɗin mota. Kada a kama ɗakin na awa ɗaya, domin dangi kan fara da tsohuwar gaba kafin su iso kan yaro.

In akwai tarihin duka tsakanin ma'aurata, a nemi gini mai ƙofa biyu. Wanda ake tsoro ya riga isowa, kuma kada ya tashi sai matar ta yi nisa.